Ɓarawon da Ya Naɗe Bel

Wanda ya saci babur ɗin Hajiya bai tsaya ga sata ba. Ya ɗauki abin da ba nasa ba, sannan ya bari aka ja wani bawan Allah da wuyan riga zuwa ofishin 'yan sanda, bai ce uffan ba. Sata laifi ce. Amma ka yi sata ka ɗora wa mai iyali, wannan mugunta ce tsagwaronta.

Sufeto bai gama shan shayinsa na safe ba ya ji hayaniya a kantar karɓar ƙara. Da ya fito sai ya tarar da mutum uku. Wata mace mai jiki tana dukan katakon kanta da tafin hannu. Wani gajeren mutum mai tsaftar riga ya shaƙe wuyan wani dogo, shi kuma dogon ya sunkuyar da kai kamar an jiƙa shi.

"Ku rufe shi!" in ji matar. "Ku rufe min shi tun ban yi abin da zan yi nadama ba!"

"Hajiya, nan ba kasuwa ba ce. Kai kuma sakar masa riga," in ji Sufeto.

Gajeren ya saki, ya goge hannunsa da hankici kamar ya taɓa ƙazanta.

Hajiya ita ce mai kamfanin sayar da babura masu taya huɗu, irin waɗanda ake shiga gona da daji da su inda mota ba ta iya bi. Gajeren ƙanenta ne, shi ne manajan sito. Ita tana kiransa Auta, ma'aikata kuwa Doka suke ce masa, don ba ya buɗe baki sai da doka. Dogon direbansu ne, ana masa laƙabi da Sannu-Sannu saboda ba ya gudu da mota.

"Me ya ɓace?"

"Babur sabo fil. Jiya da idona na ga an loda huɗu, da hannuna na sa wa ƙofar mota kwado. Direban nan ya isa gonar mai saye da uku, kwado a yanke. Ina na huɗun ya shiga? Ƙasa ta haɗiye shi?"

"Yaya, na sha gaya miki," in ji Doka. "Mutumin nan shiru-shirunsa na munafunci ne."

Sufeto ya dubi direban. "Sau nawa ka tsaya a hanya?"

"Sau ɗaya, Yallaɓai. Na ci abinci."

"Tun da aka rufe motar ka taɓa barinta?"

Direban ya haɗiyi yawu. "Ban bar ta ba."

Sufeto ya ga haɗiyar yawun, ya ajiye ta a ransa. Ya sa aka kai direban sel. Hajiya ta nuna shi da yatsa tana cewa gobe-gobe take so a kai ɓarawo kotu, in ba haka ba ta san ƙofar ofishin na sama da shi.

"Kin san ƙofar fita ma," in ji Sufeto. "Ga ta can."

Motar na tsaye a harabar ofis, babba ce mai rufaffen baya. Sufeto da Sajan suka hau ciki. A ƙasa akwai zoben ƙarfe jere, inda ake ɗaure babura. Bel ɗin ɗaure kaya na babura ukun da aka sauke a gona suna zube a ƙasa, sun cakuɗe kamar hanji, yadda ma'aikatan gonar suka watsar da su.

A cikin akwatin da ke jikin bango kuwa Sufeto ya ga wasu guda huɗu. An naɗe kowanne tam, ƙugiyarsa a ciki, an ɗaure shi da zaren roba da aka yanko daga tsohon tib na taya.

"Sajan, babur ɗaya bel nawa yake ci?"

"Huɗu, Oga. Kowace kusurwa ɗaya."

"To ga na wanda ya ɓace. In kai ne ɓarawo a gefen titi, motoci na wucewa, direba na iya fitowa kowane lokaci, me za ka yi da bel?"

"Wuƙa zan sa masa."

"Wannan bai yanka ba. Ya kwance, ya naɗe, ya ɗaure, ya jera. Ɓarawo mai ladabi."

Sajan ya miƙo kwadon. An yanke wuyansa da zarto, amma an cusa baƙin giris a bakin yankan, yadda in an mayar da shi a ƙofa mai kallo daga nesa zai ɗauka lafiyarsa ƙalau. Sufeto ya shafa giris ɗin da yatsa. Ɓarawon hanya ba ya ɓata lokaci yana ɓoye yanka. Wanda ya yi wannan so yake motar ta yi tafiya ba a lura ba.

Ya sa bel huɗun a jaka, suka kama hanya.

Wurin cin abincin yana gefen babban titi, rumfa ce da bencina, a bayanta doguwar katangar wani gidan mai. Mai abincin tana ganin kaki ta ɓata rai.

"Ku dai ba kwa zuwa sai da fitina. Ga shi masu ciniki sun fara zamewa."

"In kin amsa da wuri za mu tafi da wuri. Kin san direban da ake kira Sannu-Sannu?"

"Ban san kowa ba."

"Sajan, ɗauko mata mayafinta. Wataƙila a ofis za ta tuna."

Ta jefar da ludayi cikin tukunya. "Na san shi. Mutumin da ke cin faranti ɗaya ya sha ruwa kofi uku. Jiya ya zo."

"Ina ya ajiye motar?"

"Inda ya saba toshe min iska." Ta nuna katangar. "Kullum sai ya yi baya-baya har gindin motar ya kusa sumbatar bango. Na yi masa magana na gaji, ya ce dokar kamfani ce, wai don kada a buɗe ƙofar baya. Jiya har fentin mutane ya goge."

Sufeto ya je ya duba. Ga sabon ƙarce a jikin katangar, daidai tsayin ƙarfen bayan motar. Ko kyanwa sai ta matse kafin ta wuce ta nan, balle a buɗe ƙofa a sauko da babur da ƙarti uku ba sa iya ɗagawa.

"Ya tashi daga benci?"

"Ya tashi ina? Idonsa na kan motar kamar wanda aka ba amanar jariri. Sai dai waya da yake ta yi, yana tambaya ko matarsa ta farfaɗo."

Sufeto ya juyo. "Matarsa?"

"Ni na ce wani abu? Ku tafi don Allah, abincina na hucewa."

Da suka koma ofis, Sufeto ya sa aka fito da direban. Bai ba shi kujera ba.

"Ka yi min ƙarya."

"Yallaɓai, wallahi..."

"Ajiye rantsuwa. Ba a wurin mai abinci aka saci babur ba, na je na gani. Ko dai ka sake tsayawa wani wuri ka sayar, ko kuma ka bar motar tun kafin ku tashi. Zaɓi ɗaya. Gobe alƙali ba zai yi maka wannan tambayar a hankali ba."

Sufeto ya buga tebur.

"Matarka tana asibiti. In ka tafi gidan yari wa zai kai mata magani? Hajiya?"

Nan mutumin ya karye. Ya durƙusa.

"An yi mata aiki jiya. Bayan Hajiya ta rufe motar ta tafi, aka kira ni aka ce za a shiga da ita. Na rasa inda zan sa kaina. Manaja ya ce in je in dawo kafin ma'aikata su gama hutun rana, zai kula da motar. Ya ce kada in kuskura Hajiya ta ji, don dokarta ce duk direban da ya bar mota da kaya a ciki, korarsa za ta yi a ranar."

"Da ka dawo ka duba kwado?"

"Na gan shi a rataye. Ba ni da mabuɗinsa, Yallaɓai. Ɗaya na wurin Hajiya, ɗaya na wurin mai saye."

"Shi Manajan ya ji kana cewa ba ka bar mota ba, ya yi shiru?"

"A hanyarmu ta zuwa nan ya raɗa min cewa in na faɗa, shi zai musanta, kuma na rasa aiki a banza."

Sufeto ya dube shi da takaici. Tsoron kora ya sa mutum ya kusa sayen ɗaurin shekaru da bakinsa. Wauta ce, amma wauta ba sata ba ce.

"Tashi. Za ka raka mu."

Siton kamfanin dogon gini ne mai rufin kwano, da babbar ƙofa a gaba wadda mota ke shiga har ciki, da ƙaramar ƙofa a baya. Babura suna jere, kowanne da sarƙa. Ko tsinke babu a ƙasa. Hajiya tana ganin direban ba ankwa ta miƙe daga kujera.

"Me wannan yake yi a nan? Cin hanci ya ba ku?"

"Ki iya bakinki, Hajiya. Manaja, nuna min yadda kuke tsare kayanku."

Doka ya gyara wuyan riga. An zo wurin da ya fi ƙauna.

"A sitona ba a sata. Kowane babur, sarƙa ta cikin ƙarfen jikinsa nake bi da ita, ba ta cikin taya ba, don taya ana iya kwance ta. Kafin a loda, a zuƙe mai, a cire batir. Mabuɗan babura ba sa bin mota, daban ake aika su. Gadar ƙarfen da ake hawa da su mota ba ta fita daga nan, don kada wani ya samu abin saukewa a hanya. Ga kyamara a bakin ƙofa. Duk ni na kafa waɗannan dokokin."

"Gaskiya ne," in ji Hajiya. "Auta ba ya wasa."

"To babur ba mai, ba batir, ba mabuɗi, ba gada," in ji Sufeto. "Yaya direba ya sauke shi a hanya?"

"Shi za ka tambaya. Ɓarayi suna da abokai."

"Da hutun rana jiya ina kake?"

"Na fita cin abinci, kamar kowa."

Mai gadi, wani tsoho mai jan ido, ya gyaɗa kai da sauri. Ya ce shi bai bar ƙofa ba ko na ƙiftawar ido.

"Mu ga kyamarar."

Doka ya kai su ɗan ofishinsa, ya kunna, ya tsayar daidai inda motar ke fita. "Ga shi. Ba abin da ya fita sai motar nan."

"Koma baya."

"Ba komai a baya."

"Sajan, karɓi abin nan a hannunsa."

Sajan ya mayar da hoton baya. Ga Hajiya ta fita a motarta. Ga direba ya fita da ƙafa yana sauri. Ga leburori biyu sun fita. Ga mai gadi ya fita da leda a hannu. Babu Doka.

Hajiya ta juya kan direban kamar za ta cinye shi. "Ashe barin min mota ka yi! Maci amana!"

"Wannan ki riƙe sai anjima," in ji Sufeto. "Baba mai gadi, kai da ba ka bar ƙofa ba, wane ne wancan mai kama da kai?"

Tsohon ya dubi ƙasa. "Manaja ne ya aike ni sayo masa maganin ciwon kai. Ya ce kada in faɗa."

"Na manta ne," in ji Doka. "Kaina ke ciwo, na kwanta a ofis. Kwanciya laifi ce?"

Sufeto ya fito tsakiyar sito, ya janyo tarin bel daga kan kanta, ya warware su, ya watsar a ƙasa, ya tattake da takalmi. Ya ga yadda fuskar Doka ta motsa kamar an taka masa ƙafa.

Ya kira leburorin biyu. "Ku naɗe min."

Na farko ya naɗa a gwiwar hannu kamar igiyar shanya, ƙugiya na reto. Na biyu ya ninka shi biyu, ya ninka huɗu, ya cusa a hammata. Doka yana kallo. Sufeto ya ce su ƙara. Na farkon ya saki nasa, ƙugiyar ta bugi tankin wani sabon babur.

Doka bai san lokacin da ya yi tsalle ba.

"Jakuna! Shekara nawa ina koya muku? Ƙugiya a ciki take zama, don kada ta ƙarce fenti! Kawo nan!"

Ya fizge bel ɗin. Yatsunsa suka yi aiki su kaɗai: ƙugiya a ciki, naɗi tam kamar faifai. Ya sa hannu a aljihu ya zaro zaren roba, ya ɗaure, ya ɗaga sama.

"Haka ake yi!"

Sufeto ya buɗe jakarsa, ya fito da guda huɗun nan, ya jera su a kan kanta. Ya karɓi na hannun Doka ya ajiye a gefensu. Ba mai iya bambance su.

"Waɗannan a cikin motar na same su. Su ne suka ɗaure babur ɗin da ya ɓace."

"Kowa na iya kwaikwayona."

"Mutum biyu da ka shekara kana zagi sun kasa. Sannu-Sannu, kai ka iya?"

"Ko sau ɗaya bai taɓa bari na taɓa bel ba, Yallaɓai. Ya ce hannuna na tuƙi ne kawai."

"Auta," in ji Hajiya, muryarta ta sauka. "Me mutumin nan yake faɗa?"

"Sharri ne, Yaya. Naɗin bel ne hujja? Ina babur ɗin? Su nuna!"

"Kai ka nuna mana," in ji Sufeto. "Da bakinka ka ce ba abin da ya fita ta ƙofa sai mota. Da bakinka ka ce ba mai, ba batir, kuma gada na nan. Mutum ɗaya zai iya gangaro da shi ta gada ya tura, amma ba zai kai shi nesa ba. Me ke bayan waccan ƙofar?"

"Tsofaffin tayoyi."

"Mu je mu gaishe su."

A bayan siton akwai wata tsohuwar kwantena mai tsatsa. Sajan ya ja ƙofarta. Tayoyi ne tsibi guda. Ya ture na gaba, ya yaye wani tamfol. Ga babur ja, sabo, ledar kujerarsa ma ba a cire ba.

Sajan ya kama shi zai ja, ya ƙi motsi. Ya duƙa ya leƙa, sai ya fashe da dariya.

"Oga, zo ka ga ikon Allah. Ya sa masa sarƙa."

Sarƙa ce mai kauri, an bi da ita ta cikin ƙarfen jikin babur ɗin, ba ta cikin taya ba, an zagaya ƙarfen kwantena, an datse da sabon kwado.

"Ɓarawo mai tsoron ɓarayi," in ji Sufeto. Ya miƙa hannu. "Mabuɗanka."

Doka ya dafe ƙugunsa. Sajan ya murɗe masa hannu ya ciro zoben mabuɗan. Na uku da Sufeto ya gwada ya shiga, kwado ya buɗe.

Hajiya ta juya ta dubi ƙanenta.

"Ni? Ni za ka yi wa haka? Ni da na goya ka, na sa ka makaranta, na damƙa maka sitona?"

"Kin damƙa min gadi!" Doka ya daka mata tsawa, idonsa ya yi ja. "Ni na gina tsaron nan da kaina, ba a taɓa ɗaukar miki ko kusa ba. Amma har gobe Auta nake, a gaban leburori kike aikena kamar yaron gida. Kwadon mota ma ba ki yarda ki ba ni mabuɗinsa ba, sai da na sa zarto. Na samu mai saye, jira nake ƙura ta lafa in fitar. Ɗaya tak a cikin ɗaruruwan da na tsare miki!"

"Shi kuma wannan me ya yi maka?" Sufeto ya nuna direban.

"Wani dole ya ɗauka."

Abin da ya faɗa ke nan, ko kunya babu. Mutumin da matarsa ke kwance da ɗinki a ciki, a wurinsa bai wuce abin ɗora wa kaya ba.

Sajan ya sa masa ankwa. Hajiya ta sha gaban Sufeto, ta rage murya.

"Yallaɓai, kaya sun fito. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A bar maganar a gida."

"Da safe kin ce gobe-gobe a kai ɓarawo kotu, kuma kin san ƙofar na sama da ni. Ga ɓarawo. Gobe za a kai shi."

Ta juya wurin direban. "Sannu-Sannu, ka dawo bakin aikinka. An wuce wurin."

Direban ya ciro mabuɗin mota daga aljihu, ya ɗora a kan kujerar jan babur ɗin.

"A wurinki ya wuce, Hajiya. Yallaɓai, in an gama da ni, zan tafi asibiti."

"Tafi."

Aka fito da Doka ta tsakiyar siton da ya share shekaru yana kafa wa doka. Da suka zo wucewa ta inda bel suke zube a ƙasa, sai ya ja ya tsaya yana kallonsu. Sajan ya ingiza ƙeyarsa.

Kotu ta same shi da laifin sata da ƙulla wa wani sharri. Alƙali ya ɗaure shi shekara uku, ba zaɓin tara.